Kafin Ka Sayi Adaidaita Sahu a Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwaji da Ciniki

Babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira Adaidaita Sahu, wasu kuma su ce Napep, ya bazu a titunan Kano ne zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da farko don ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013 sai ya zama shi ne ƙafar gari. Shi ya sa duk wanda ya samu ɗan jari, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, tunaninsa kan je kansa. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga babur na hannu, domin a wajen sayensa aka fi cizon yatsa.

Na daɗe ina tuƙa mashin mai ƙafa biyu. Sai na koya kafin in gwada wannan?

Sai ka koya, kuma tsohon ɗan acaɓa ya fi sabon shiga haɗarin kifewa a ranar farko. Mashin kwanciya yake yi a kwana, jikinka ya saba binsa. Mai ƙafa uku ba ya kwanciya. Idan ka shiga kwana da gudu, nauyi zai koma waje, tayar baya ta ɓangaren ciki ta ɗaga sama, kuma taka birki a tsakiyar kwanar ba ya gyara lamarin. Ana rage gudu ne tun kafin a kai kwana, a karya kai a hankali, sai an miƙe a ƙara wuta.

Hannu ma sai ya sake sabo. Totur yana dama kamar yadda ka sani, amma kuloci da giya duk suna hannun hagu: ka matse kuloci, ka murɗa hannun gaba ɗaya zuwa giyar da kake so. Birki na ƙafa ne. Giya huɗu ce ta gaba da ribas guda. Sai faɗi: gaban babur siriri ne, baya ya fi shi buɗewa, don haka ramin da tayar gaba ta kauce wa na iya cafke ta baya, haka bakin kwata a lungu. Ka samu fili marar jama'a ka yi kwana biyu ko uku kana zagaye da babur ɗin wani. In ba haka ba, ranar gwaji hankalinka zai tafi ga tuƙi, ba za ka ji abin da inji ke faɗa ba.

Wane lokaci ya fi dacewa in je gani, kuma da wa zan tafi?

Da sassafe, kafin a tashe shi. Ka gaya wa mai shi tun daren jiya cewa a sanyaye kake son ganinsa. Da ka isa, buɗe murfin baya ka kai hannu kusa da kan inji. Idan ka ji ɗumi, an riga ka. Injin da ya gaji yakan yi gardamar tashi da safe, ya yi hayaƙi, ya yi ƙara, amma da ya yi zafi sai ya lafa kamar lafiyayye. Kada ka duba babur da magariba ko a cikin rumfa mai duhu.

Ka tafi da makaniken da kai ka zaɓa, wanda aikinsa ke nan, kuma kai za ka biya shi kuɗin ɓata lokacinsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Makaniken da dillali ya kawo yana iya zama mutumin kirki, sai dai la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki. Ka ƙara da mutum biyu masu jiki da za su zauna a baya. Ka riƙe tocila, farin tsumma da ɗan maganaɗisu.

Me zan duba kafin a murɗa makulli?

Fara da ƙasa, ba da fenti ba. Ajiye shi a wuri mai shafe, ka koma baya taku goma ka dube shi: ya tsaya daidai ko ya karkata gefe guda? Karkata na iya zama gajiyar shokazoba, wannan da sauƙi. Tana kuma iya zama alamar ƙashin babur, wato shasi, ya taɓa lanƙwasa a hatsari, wannan kuwa ba ya komawa yadda yake.

Ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin ƙafar fasinja da ta direba. Nan ruwa ke kwanciya duk damina, nan tsatsa ke fara ci. Danna da yatsa ko da kan makulli. In ƙarfen ya lotsa ko ya yi ɓarɓashi, ka san akwai aikin mai walda a gaba. Durƙusa da tocila ka bi ƙarfen da ya taso daga wuyan gaba zuwa ƙasa, da wurin da ƙafafun baya suka kama jiki. Waldar kamfani sumul take, a jere. Waldar gyara takan yi tudu-tudu, sau da yawa an shafe ta da baƙin fenti sabo. Bi jikin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne kafin a yi fenti.

Sannan baƙin mai. Zaro ma'auni ka goga a farin tsumma, ka kai rana. Baƙi kawai ba laifi ba ne, lokacin juye ne ya yi. Abin tsoro shi ne ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar garin ƙarfe, ko man ya yi kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga, abin da kan faru da babur ɗin da ya kutsa ambaliyar watan Agusta. Man da ya yi kauri fiye da ƙima, yana jan zare tsakanin yatsu, shi ma abin tambaya ne, domin ana zuba mai kauri don a danne ƙarar inji. Sa makanike ya kwance fulogi. Bakin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe lafiya ne. Baƙi a bushe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa. Baƙi a jiƙe yana maiƙo, inji na shan baƙin mai.

An kunna. Wane hayaƙi da wace ƙara zan lura da su?

Tsaya a bayan salansa lokacin da za a tashe shi, kada ka zauna a ciki. Lafiyayyen inji yakan kama a bugu ɗaya ko biyu, ya zauna da kansa ba sai an riƙe masa totur ba. Shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai, musamman in an ja wuta an saki, yana nuna ringi ko robobin bawul sun gaji. Baƙin hayaƙi yawanci matsalar kafireta ce ko matatar iska ta toshe, abin da ƙurar hunturun Kano ke yi cikin 'yan makonni, kuma gyaransa ba tsada. Ɗan farin tururi da safiyar sanyi wanda ya ɓace bayan minti biyu ba komai ba ne.

Ƙara iri biyu ce. Akwai siririya daga saman inji, cak-cak-cak kamar keken ɗinki, wadda galibi saitin bawul ne. Akwai mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal, tana ƙaruwa in an ja wuta. Wannan ta biyun ita ce mai kai inji ga bugawa, kuma sai an sauke shi. Idan mai babur ya yi ta jan totur yana sa inji ihu, ka ce ya saki. A zaman banza ake jin gaskiyar inji.

Wace irin hanya zan bi, kuma minti nawa ya isa?

Zagayen layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla minti talatin zuwa arba'in, ka zuba fetur da kuɗinka, mai babur ko wakilinsa ya zauna tare da ku, kuma ku yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki asara in wani abu ya faru.

Hanya uku ake so. Miƙaƙƙen titi inda za ka kai giya ta huɗu ka daɗe a kanta, irin hanyar Panshekara ko titin Zariya bayan cunkoson safe ya lafa. Sai hawa: fitowa daga gadar ƙasa irin ta Gadon Ƙaya ko Kabuga da mutum uku a baya tana tona asirin injin da ya rasa ƙarfi da kulocin da ya cinye. Ta uku ita ce hanyar unguwa marar kwalta, mai kwazazzabo, domin a nan duk wani sako-sako zai yi magana. Ka ƙare da shiga go-sulo na minti goma, irin na wajen Bata ko 'Yankura, ka ga ko inji zai yi zafi ya fara mutuwa. Injin yana baya ne a rufe, fanka ke hura masa iska, don haka in fankar ta karye ko an cire murfin da ke bi da iskar, a cunkoso ake ganewa. Da kun dawo, kashe shi, jira minti biyu, sake tayarwa. Wanda ya tashi da sanyi amma ya ƙi tashi da zafi yana da magana a wuta ko a bawul. Leƙa ƙasa kuma ka ga ko wani abu na ɗiga.

Yaya zan gane kuloci da giya lafiya suke?

Kana tafiya a hankali a giya ta huɗu, ka buɗe totur gaba ɗaya. Idan kukan inji ya tashi amma gudu bai biyo shi ba, kuloci na zamewa. Idan kuma kana tsaye, ka matse kuloci ka sa giya ta ɗaya, babur ya yi tsalle ko ya fara jan jiki, kulocin ba ya saki sosai.

Giyar da ke wahalar shiga ba kullum take nufin babbar matsala ba. Wayoyi ne ke tafiya daga hannu har inji a baya, kuma in sun saki ko sun bushe sai giya ta yi tauri ko ta ɓace. Makanike zai saita su a gabanka cikin 'yan mintuna. In an saita amma giya ta ci gaba da fita da kanta a kan hawa, ciwon yana ciki. Kada ka manta ribas. Mutane da yawa sai sun kai gida suke tunawa da shi. Yayin tashi daga tsaye kuma saurari baya: ƙas-ƙas ɗin da ke zuwa duk lokacin da ka ɗauki wuta ko ka saki yakan fito ne daga sandunan da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya. Duba robobin da suka rufe su. In sun yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Birki fa?

Birkin ƙafa da mai yake aiki. Kana tsaye, taka shi da ƙarfi ka riƙe rabin minti. Idan ƙafarka na nutsewa a hankali, mai na zurarewa a wani wuri. Idan ya yi laushi kamar soso sai ka taka sau biyu kafin ya kama, iska ta shiga. Haska cikin kowace taya ta baya ka ga ko akwai jiƙa. A kan hanya, inda babu kowa a bayanka, taka birki sosai da lodi: ya tsaya a miƙe, kada ya ja gefe. Gwada birkin hannu a gangara. Takalmin birki abu ne mai araha, amma kada ka hau titi da fasinja kafin a gyara.

Kan babur yana ja gefe ɗaya, ko yana rawa. Babbar matsala ce?

Kafin ka yanke hukunci, tsaya wurin mai faci a daidaita iskar tayoyin uku, domin tayar baya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta sa babur ya riƙa ja. In an daidaita bai daina ba, a ɗaga gaban a juya kai dama da hagu. Ya tafi sumul. In yana maƙalewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ne, ana canzawa. In boris lafiya yake amma tayar gaba ta cinye ta gefe guda, ko ka tsaya a gaba ka ga ba ta miƙe da tsakiyar gilas ba, ƙafar gaba ta taɓa ɗaukar duka. Kama kowace tayar baya ta sama ka girgiza. Motsi na nufin boris ko robobin ƙafa sun tafi.

Ɓangaren wuta?

Batir mai bolt 12 ne. In makanike na da mita, a kashe ya nuna wajen 12.5, in inji na aiki an ɗan ja wuta ya haura 13.5. Bai haura ba, ba ya caji. Gwada fitila, sigina, hon da abin share gilas. Wayoyin da aka yanka aka ɗaure da leda don sa rediyo da fitilun ado su ne ke jawo gobara.

Wane aibi ne na neman ragi, wane ne na fasa ciniki?

Taya, batir, tamfol, kushin, wayoyin giya, takalmin birki, kafireta, har da faifan kuloci, duk na ragi ne. Sa makanike ya yi maka lissafinsu da farashin ranar, in ya so a kira mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa a tabbatar, sai ka cire daga abin da za ka taya. Ko inji mai shan baƙin mai ana iya saye in ragin ya kai kuɗin aikin, ka kuma shirya ajiye shi kwanaki.

Abu biyu ne ba a ciniki a kansu: ƙashin da ya karye aka ɗinke, da lambar inji ko ta shasi da aka taɓa. Inji ana sauke shi a sa wani. Babur ɗin da ƙashinsa ya karkace zai yi ta cin taya yana jan hannunka har ranar da za ka rabu da shi, kuma mai saye na gaba zai gani kamar yadda ka gani.

Waɗanne takardu zan nema?

Rasit na asali daga wurin da aka fara sayensa, takardun rajistar lamba, da shaidar rajistar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, in na haya ne. Kada ka tsaya ga karanta takarda. Goge wurin da aka buga lambar inji da ta shasi, ka bi su harafi-harafi da abin da ke rubuce. In wurin ya yi alamar an goge da dutse ko an sake bugawa, tashi ka tafi. Satar Adaidaita ba baƙon abu ba ne, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke fara amsa tambaya.

Akwai wani tarkon kuma ban da sata: mutum ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan, bai gama biya ba, ya sa shi a kasuwa. Alamarsa ita ce hoton takardu kawai yake da shi, na asali suna wurin mai kuɗin. In ka ji “asalin suna gida, gobe zan kawo”, to kuɗinka ma su kwana a gida. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambobin nan biyu, da shaidu daga kowane ɓangare, ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda, sannan ka yi canjin mallaka ba tare da jinkiri ba. Ka leƙa ofishin KAROTA da kanka ka ji ƙa'idar da ake kai a lokacin, domin takan sauya: kuɗin izini ya jawo yajin aikin 'yan sahu a farkon 2022, kuma a watan Yulin shekarar gwamnati ta hana su zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Bajaj ko TVS?

Dukansu 'yan Indiya ne, injinsu wajen cc 200, kuma kowanne yana da masu rantsuwa da shi. Muhawarar ba ta ƙarewa a majalisar 'yan sahu. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne wanne makaniken unguwarku ya fi sani, wanne kayansa ke kusa da kai, wanne kuma ya fi saurin fita in ka tashi sayarwa. Akwai TVS King Duramax mai sanyaya inji da ruwa. In shi ne a gabanka, ƙara duba lagireto da robobin ruwa. Mai aiki da gas ko lantarki kuwa, tambayar farko ita ce ina za ka riƙa cikawa a hanyar da kake aiki, kuma nawa ne sabon batir.

Sabo dal ma sai an gwada?

Ba za a ba ka ka zaga gari da shi ba, amma a tashe shi a gabanka, ka gwada giya, birki da fitilu, ka tabbatar da tayar safaya, jak da kayan aiki, ka karɓi littafinsa da takardar garanti. Makonnin farko kada ka cika masa lodi ko gudu, ka yi juyen farko a kan lokacin da littafin ya faɗa, a kuma bi notuna a ƙara ɗaurewa.

Mai shi ya ce ba ya shan mai. Yaya zan tabbatar?

Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan tambayar ta fi ta fenti nauyi. Cika tanki har baki a gidan mai, ku yi tafiyar gwajin, ku dawo famfo ɗaya a sake cikawa. Abin da ya shiga shi ya sha. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a yawancin na hannu, auna nisan da taswirar waya. Kwatanta da abin da direbobi biyu ko uku masu irin babur ɗin suka gaya maka.

Ba ni da kuɗin lakadan. Tsarin biya kaɗan-kaɗan ya yi?

Ɗauki biro. Ninka abin da za ka riƙa kai wa duk mako da adadin makonni, ka ajiye kusa da farashin kuɗi hannu. Tazarar takan ba mutum mamaki. Sannan lissafa mako da kwana shida, ba bakwai ba, ka cire fetur, harajin kullum, juye, faci, abinci da cefanen gida. Ka tuna akwai ranar ruwan sama, ranar zazzaɓi, ranar da babur zai kwana gareji, kuma biya ba ya jira. Tambayoyin da dole a rubuta amsarsu: in ka makara mako nawa ake karɓe babur? In an karɓe, ina makomar abin da ka riga ka biya? In an sace fa? Mafi yawan malamai sun halatta sayarwa bashi da farashin da ya fi na lakadan matuƙar an yanke shi tun farko. Ƙarin kuɗi saboda jinkiri shi ne inda ake shiga maganar riba, don haka nuna wa malaminka takardar kafin ka sa hannu.

Ba ni zan tuƙa ba, direba zan ba ya riƙa kawo balas. Akwai bambanci?

Akwai. Wanda zai tuƙa da kansa yana iya lallaɓa tsohon babur, domin yana jin ciwonsa tun yana ƙarami. Mai ba da haya ba ya ji sai abu ya lalace, don haka gara ya sayi sabo ko wanda bai daɗe ba. Ka samu direban kafin babur, da wanda zai tsaya masa. A rubuta wa ke yin juye, wa ke sayen taya, wa ke biyan tara in an kama, da inda babur zai riƙa kwana. Ka sa ranar da za ka riƙa ganinsa da idonka duk mako, ka zaro ma'aunin baƙin mai da kanka.

Mai babur ya ƙi yarda a yi doguwar tafiya, ya ce akwai wani mai saye a hanya. In ba da kafin alƙalami?

Tsoron ba baƙo makulli hujja ce mai kyau, kuma maganinta shi ne ya zauna a ciki, ko shi ya tuƙa kai da makanikenka ku zauna a baya kuna sauraro. In ya ƙi wannan ma, ko ya ƙi a kwance fulogi, ko ya ƙi a zo da safe, ka yi masa fatan alheri. Kafin alƙalami ana bayar da shi ne bayan an gama gwaji, lambobi sun dace, an yi sallama, saura kawai a haɗo cikon kuɗi. Ya zama kaɗan, a rubuta shi a gaban shaidu tare da ranar cikawa, a kuma rubuta cewa za a mayar maka in takardun asali ba su fito ba. Babur ɗin ya kwana a hannun wanda ku biyun kuka amince da shi, ka ɗauki hoton batir, tayoyi uku da safaya, da kafireta kafin ku rabu, domin waɗannan ne ake musanyawa cikin dare.